Ƙunshin da Ba Ya Barin Sawu

"Sunanka ne a kai, Dogo," in ji Manaja. "Ba sunana ba ne, ba kuma na mai shara ba."

"Yallaɓai, ai ban ce ba sunana ba ne. Cewa na yi ba hannuna ba ne."

"To hannun wa? Na'urar ce ta tashi da kanta ta ari sunanka?"

"In kun gama," in ji Barista, tana zaune ta ɗora ƙafa kan ƙafa, jakarta a cinya, "sai ku nuna min wanda zan miƙa wa 'yan sanda. Kafin zaman kotu na gaba nake son sa. In babu shi, kai Manaja ma ka ishe ni."

Manaja ya sassauta ɗamarar wuyansa. Mutum ne mai tumbi da turare, wanda ya fi iya tarbar baƙi fiye da sanin abin da ke cikin gidan da yake shugabanta. Dogo kuwa yana tsaye yana susar ƙeya, rigarsa rabi a cikin wando rabi a waje. A bakin ƙofa Allura ta jingina da kofin shayi tana kallon su. Siririya ce, ba ramin da ba ta shiga, shi ya sa sunan ya bi ta. Aikinta a gidan bin sawun saƙon da ya ɓata. Dogo kuma ƙanin mijinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ya hana ta jin daɗin rigimar yadda ya kamata.

Gidan nasu ba ya sayar da abin da za ka ɗauka a hannu. Ɗaki ne ƙato mai sanyi kamar cikin firji, cike da kabad-kabad na ƙarfe, na'urori suna ta ƙifta idanu kore da ja. Asibiti da makarantu da ofisoshin lauyoyi duk nan suke haya. Maganar da mutum ya yi a wayar teburinsa sai an yayyanka ta ƙanana, a ƙulle kowane yanki da adireshi. Ƙunshi suke ce masa. Ƙunshin sai ya bi ta wasu akwatuna masu ƙofofi jere kamar haƙora, waɗanda suke kira mararraba, su ke duba adireshi su ce kai bi nan, kai bi can. Wai mararrabar da can da halinta ake sayen ta, ba ta sakewa. Ta yanzu kuwa sai abin da ka koya mata. Ka rubuta umarni ka ɗura mata, ta bi ba musu. Ka ce ƙunshin asibiti ya wuce gaba, ya wuce. Ka ce a buga wa kowane ƙunshi hatimi a duk mararrabar da ya ratsa, a buga. Ka ce ta kwafi maganar wata lauya ta turo maka ta ƙofar baya, ba za ta tambaye ka dalili ba.

Abin da wani ya yi ke nan. Barista tana da shari'ar riƙon wata yarinya, ita ce lauyar uban. Sai ta lura duk abin da suka ƙulla da uban a waya, ɓangaren uwar sun riga sun shirya masa amsa. Da yake ba a banza ta yi karatu ba, ta ɗauki waya ta shirga wa mutumin nata ƙarya, wai za su kawo wani likita shaida. A zama na gaba sai ga lauyan uwar ya miƙe yana sukar likitan da ba a ma haife shi ba. Ta kawo ƙara gidan, tun da a nan ofishinta ke haya. Da Manaja ya sa aka duba wanda ya taɓa umarnin mararraba, sunan Dogo ya fito.

"Yallaɓai, a ba ni in bi sawun," in ji Allura.

"Ke matar wansa ce."

"Shi ya sa. In shi ne, ni zan fara jan kunnensa kafin hukuma."

Barista ta dube ta daga sama har ƙasa. "A bar ta. Amma kada a cire abin tukuna, kada ɓarawon ya farga. Ni na daina magana a wayar."

Aka karɓi katin shigar Dogo, aka soke sunansa daga na'ura, aka ce ya je gida sai an neme shi.

*

Allura ta tare shi a kan matakala.

"Wa ya san kalmar sirrinka?"

"Ba kowa, matar yaya."

"Dogo."

"To, tana manne a gindin kofina. Amma ai a kife nake ajiye shi."

"In ka kife kofi, ina gindinsa yake kallo?"

Ya ɗaga ido sama yana lissafi. Allura ta rufe ido. Duk wanda ya taɓa wucewa ta teburin nan ya karanta kalmar, har mai kawo ruwa.

"Ki rufa min asiri," ya ce, murya ta sauka. "In suka kai ni can, Inna ba za ta ɗauka ba. Kin san jininta."

"Je ka gidana ka zauna. Kada ka taɓa min firji."

*

Mutum huɗu ne ke da ikon ɗura wa mararraba umarni. Ita Allura, da Dogo, da Manaja, da babban injiniyan gidan, dattijon da ake kira Baba Tsanaki. Sai mutum ɗaya da ba shi da ikon amma yana da makullin ko'ina, wato mai kula da injinan sanyaya ɗakin, Mai Sanyi.

Allura ta sa rigar sanyi ta shiga. Kowane ƙunshi a gidan nan yana tafe da hatimansa, kamar sawu a kan laka, sai dai kwafin ɓarawon. Shi an umarci mararraba kada ta buga masa komai. To amma abin da bai bar sawu ba ai yana da nauyi. Ta bi mararraba ɗaya bayan ɗaya tana auna abin da ya shiga da abin da ya fita. Ta farko daidai. Ta biyu daidai. A wata can ƙarshen layi, abin da ke fita ya ɗan ɗara abin da ke shiga. Ta durƙusa, ta sa yatsa ta bi kebul ɗin daga wata ƙofa da aka ce ba a amfani da ita, ya nutse ƙarƙashin daɓe, ya ɓullo a bayan wata tsohuwar na'ura da aka yi wa ritaya aka manta ba a fitar ba. Na'urar tana nan tana numfashi a hankali. An kulle cikinta da kalmar da ba ta manne a gindin kofin kowa.

Da ta ɗaga murfin daɓen don ta ga hanyar kebul ɗin sosai, sai ga bargo da matashin kai a naɗe.

Mai Sanyi ya zo yana murza hula.

"Hajiya, wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"Me nake zato?"

"Ban sani ba, amma ba shi ba ne." Ya leƙa bayansa. "Gidana 'yan biyu aka haifa. Ba mai runtsawa. In rana ta take na kan ɗan miƙe a nan. Ƙarar injin ma lallashi take yi."

"A kwance a nan, wa kake gani yana zuwa wannan layin?"

"Ƙafafu nake gani, ba fuska ba. Takalmin Dogo, igiyarsa a kwance. Naki. Na Baba, da safe in ya zo gaida 'ya'yansa."

"'Ya'yansa?"

"Na'urorin mana. Ai ba ya shan shayi sai ya bi su ɗaya-ɗaya ya tabbatar kowa ya kwana lafiya." Ya matso ya rage murya, idonsa na ƙyalli. "Amma in gulma kike so ta gaske, tambayi Manaja me yake nema a ofishin Barista duk ranar da ta tafi kotu. Direbansa ne ya faɗa min, shi kuma ba ya ƙarya sai a kan man mota."

*

Allura ta ɗauki wannan da zafinsa ta kai ofishin Manaja, ta rufe ƙofa.

"Yallaɓai, an ce kana yawan zuwa ofishin Barista in ba ta nan."

Fuskarsa ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. "Duba lafiyar wayoyinsu nake zuwa yi. Kula da abokin ciniki."

"Da kwalin cakulan?"

Wannan ita ta ƙara daga kanta, sai ga shi ta dace. Manaja ya zauna daɓas. Ashe sakatariyar Barista ce, wata mai wushirya, kuma maganar ba ta kai gida ba tukuna. Ya roƙi Allura da girman Allah ta rufa masa asiri.

"Ba ruwana da wushiryar kowa," ta ce. Ta juyo masa da kwamfutarta. "Ga umarnin ɓarawon. Nuna min layin da ke yin kwafin."

Ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Ya ɗora yatsa a kan wani layi da ƙarfin hali. Kwanan watan da aka rubuta abin ne ya nuna. Allura ta yi masa godiya ta fita. Mutumin nan ko an ba shi mararraba kyauta, sai dai ya ɗora mata tukunyar fure.

Ta koma teburinta ta zauna da umarnin, tana karantawa kamar mai duba ɗinkin wata. Nan abin ya fara ba ta mamaki. Ɓarawo dai sauri yake yi, ya ɗauka ya gudu. Wannan kuwa ya tsaya ya share gida. Ya sa kwafinsa a layin baya, bayan ƙunshin kowa. Ya rubuta cewa in hanya ta cushe, a zubar da nasa a bar na mutane su wuce. Har ya ƙara wani sharaɗi, in ƙunshin asibiti ya yi yawa, satar ta tsaya cak sai sun gama. Ba layi ɗaya da ya karkace.

Ta buɗe wani tsohon aikin Dogo ta ajiye a gefe. Kai ka ce kaji ne suka yi dambe a kan allon.

*

Baba Tsanaki yana teburinsa yana jera alƙaluma bisa tsawonsu. Shi ya koya wa duk wanda ke gidan aiki, har ita. Bai taɓa ɗaga murya ba, amma in ya ce maka "sake dubawa" sai ka ji gara mari. A gefen kwamfutarsa akwai hoton wata 'yar yarinya mai giɓi, tana sanye da tabaransa.

"Baba, ya haƙorin?"

"An cire, 'yata. Ya kwantar da ni, amma an rabu lafiya."

"Ya amaryar taka?" Ta nuna hoton.

Nan fuskar tsohon ta saki. "Tana nan tana mulki. Jiya cewa ta yi in daina minshari, ina hana 'yar tsanarta barci. Tun da uwarta ta dawo gida, ban san inda nake ajiye takalmina ba, kullum sai ta kai su wani wuri." Ya gyara hoton da bai karkace ba. "Maganar Dogo ce ta kawo ki."

"Ita ce. Kana ganin zai aikata?"

"Dogo ba mugu ba ne. Hannunsa ne ya fi kansa sauri." Ya gyara zaman wani alƙalami. "Ba za a kama shi da wannan ba. Ki kwantar da hankalin surukarki."

"Ka duba umarnin?"

"Manaja ya nuna min."

"Ya ka gan shi?"

"Ba laifi," in ji Baba Tsanaki.

Allura ta fita tana juya kalmar. Shekara da shekaru tana aiki a ƙarƙashinsa, ba ta taɓa jin ya ce wa aikin wani mahaluki ba laifi ba.

*

Da yamma ta tarar da gidanta ya cika. Surukarta ta zo da jakar magungunanta ta kafa zama a falo, mijin Allura ya laɓe a ɗaki wai yana waya. Dogo kuwa ya miƙe a doguwar kujera da faranti a kan ciki.

"Na ce kada ka taɓa min firji."

"Ban taɓa ba, matar yaya. Inna ce ta buɗe, ni karɓa kawai na yi."

"Ke 'yar nan," in ji tsohuwar, "an ce ke ce mai binciken. To me kike jira? Ki rubuta ba shi ba ne, a wuce wurin."

"Inna, ba a hannuna yake ba. Sai na nuna wanda ya yi."

"Yaron da ko ƙulla igiyar takalmi bai iya ba, shi zai yi sata?"

"Inna, a gabana fa kike faɗa," in ji Dogo.

Allura ta kai kwamfutarta kicin ta ɗora kan tebur, tukunya na tafasa a bayanta. Ta buɗe lissafin abin da ya bi ta ƙofar ɓarawon tun ranar da aka buɗe ta. Maganganun Barista suna nan, manya-manya, a lokutan aiki. Amma a tsakaninsu akwai wani abu ɗan mitsitsi da ta tsallake da farko. Ƙunshi ne guda, fanko, ba komai a cikinsa. Yakan bi hanyar ya taɓa tsohuwar na'urar ya dawo. Kullum da safe, kafin ofisoshi su buɗe. Ko bayan Barista ta daina magana a wayar, bai fasa ba.

Ta leƙa falo. "Dogo, yaushe rabonka da isa ofis kafin mai shayi?"

"Wane irin zagi ne wannan kuma?"

Ta koma. Ta bi safiyoyin da yatsa. Akwai 'yan kwanaki a jere da ɗan ƙunshin bai fito ba, sannan ya dawo. Ta daɗe tana kallon giɓin, har abincin ya kama. Ta san wanda ya kwanta a waɗannan kwanakin da kumburarren kunci. Sai dai giɓi ba shaida ba ne, kuma ɗan ƙunshin ta hanyar da duk ma'aikata ke bi yake shigowa, kowa na iya cewa ba nasa ba ne.

Kafin ta kwashe abincin ta rubuta nata umarnin. Gajere ne. Ta ce wa mararraba, in ɗan fankon nan ya zo, ki buga masa hatimin ƙofar da ya shigo, sannan ki riƙe shi kaɗan kafin ki sake shi. Ba da yawa ba. Jinkirin da ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo, wanda ɓarawo mai hankali ba zai kula ba tun da kayansa na isowa.

*

Washegari ta riga mai shayi. Ta zauna inda take hango ɗakin sanyi ta gilashi, ta buɗe allo.

Ɗan ƙunshin ya fito a lokacinsa. Ya je, ya dawo a makare. Shiru. Sai ga wani. Sai ga wani kuma, da wani, suna bin juna kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san akwai mutum a ciki. Can ta ji an ja kujera. Baba Tsanaki ya wuce ta gabanta da kwamfutarsa a hammata, shayinsa na tururi a tebur bai taɓa ba.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya, 'yata."

Ya shiga, ya nufi ƙarshen layi, ya durƙusa da ƙyar, ya soka kebul ɗinsa a jikin mararrabar kai tsaye. Haka ya koya musu, in hanya ta yi nauyi ka matsa kusa har ka gano inda ta yi. Ƙunshi na gaba da ya faɗo allon Allura yana ɗauke da hatimin wannan ƙofar da tsohon ke durƙushe a gabanta.

Ta ga ya daina motsi. Ya daɗe yana karanta wani abu. Sannan ya ɗago, ya dube ta ta cikin gilashin, ya sunkuya ya ci gaba da danne-danne. Ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba.

*

Kafin azahar aka taru a ofishin Manaja. Barista ta zo da jakarta. An kira Dogo daga gida, ya zo da alamar matashi a kunci. Mai Sanyi ya tsaya kusa da ƙofa don ko ta kwana. Baba Tsanaki ya zauna ya haɗa gwiwoyinsa, hannuwa a kai.

"Na fara da wanda ba shi ba ne," in ji Allura. "Mai Sanyi yana shiga ɗakin fiye da kowa, amma abin da yake yi a ciki ba ya buƙatar ido a buɗe." Mai Sanyi ya dubi silin. "Yallaɓai Manaja yana da iko, yana kuma da zirga-zirga, amma na gwada shi, ba shi ba ne."

"Wace zirga-zirga?" in ji Barista.

"Kula da abokin ciniki," in ji Manaja da sauri.

"Sai Dogo." Ta juya allon, ta jera aiki biyu gefe da gefe. "Wannan na ɓarawo ne. Wannan na Dogo ne, wanda ya yi da sunansa da saninsa, aka biya shi albashi a kai. Barista, ko ba ki san aikin ba, dubi fasalinsu."

Barista ta leƙa. "Wannan na biyun an gama shi kuwa?"

"Yana aiki dai," in ji Dogo.

"Ɓarawon nan ya tsaya ya tabbatar satarsa ba ta tare wa asibiti hanya ba. Dogo ya taɓa kashe wa asibitin waya gaba ɗaya, yana ƙoƙarin gyara agogo. Ɓarawon nan kullum da sassafe sai ya gwada hanyarsa ya ga ko ta kwana lafiya. Dogo bai san kalar gidan nan da sassafe ba. Ko shekara aka ba shi, da malami a gefe, ba zai rubuta wannan ba."

"Matar yaya, kare ni kike yi ko me?"

"Yi shiru, ana wanke ka."

Ta faɗi yadda ta riƙe ɗan ƙunshin, da yadda mai shi ya kasa haƙuri da jinkirin da ba ya cutar da kowa, ya bi shi har gindin mararraba. Ta nuna hatimin ƙofar. Ba ta ambaci suna ba. Ba a buƙata, don kowa ya riga ya juya.

Baba Tsanaki ya gyara zaman tabaransa.

"Tarkon naki akwai kuskure," ya ce. "Kin manta ba ki ware ƙunshin gwajin asibiti ba, shi ma fanko ne. Da ya faɗa ciki, da ƙararrawarsu ta tashi a banza. Na gyara miki. Da sunana na shiga, za ki gani."

Allura ta duba. Yana nan, layi biyu, tsaf.

"Na gode, Baba," ta ce.

Barista ta daɗe tana kallon sa. "Na san fuskar nan. Kai ne kake zama a bencin baya a kotu, kusa da taga."

"Ni ne kakanta. Na wajen uwa." Bai sunkuyar da kai ba. "A hannuna ta yi rarrafe, a hannuna ta yi haƙori. Uban bai san wane kunne ne ke mata ciwo in an yi sanyi ba. Na ji kuna shirin ɗauke ta, ga maganar tana ratsawa ta cikin akwatin da ni na kafa da hannuna. Lauyan 'yata bai san daga ina nake samo labari ba, ita ma ba ta sani ba. Wannan ki rubuta shi daidai."

"Ka san abin da ka yi wa shari'ar 'yarka kuwa? In na kai wannan gaban alƙali, ka miƙa min yarinyar da hannunka."

Nan ne tsohon ya sunkuyar da kai.

"Sai na yi magana da wanda nake wa aiki," in ji Barista daga baya, tana zuge jakarta. "Ban yi alkawarin komai ba. A cire abin nan yau. Wannan dogon kuma a mayar masa da katinsa, ba ni da magana da shi."

Manaja ya jawo aljihun tebur da rawar jiki ya ɗauko katin, ya miƙa. Dogo bai karɓa ba. Yana kallon Baba Tsanaki, duk wasan ya bar fuskarsa.

"Baba, kai ka kawo ni gidan nan. Kai ka zaunar da ni ka nuna min yadda ake soka kebul. Inna tun jiya ba ta ci abinci ba. Duk sunayen da ke gidan nan, me ya sa nawa?"

Tsohon ya dube shi da tausayi na gaskiya, irin na likita.

"Don na san ba zai kama ka ba, ɗana. Da na sa sunan Allura, da an yarda. Kai kuwa, duk wanda ya san aiki, kallo ɗaya zai yi wa umarnin ya san ba kai ba ne. Na zaɓi wanda ba zai cutu ba."

Mai Sanyi ya yi tari a cikin hularsa. Manaja ya dubi katin da ke hannunsa. Barista ma sai da ta juya fuska wajen taga.

"Wato ku biyun bakinku ɗaya," in ji Dogo. Ya dubi Allura, ya dubi tsohon. "Shi ya sa ni a wuta don ban iya ba, ke kin fitar da ni don ban iya ba."

"Dogo, karɓi katinka mu tafi gida. Inna na jira."

"Ki je ki gaya mata an wanke ɗanta. Ki gaya mata da me aka wanke shi."

Ya fizgi katin daga hannun Manaja, ya dube shi, ya jefa shi kan tebur har ya zame ya faɗi ƙasa. Ya ture Mai Sanyi daga hanya, ya fita, ya maka ƙofar da ƙarfin da ya sa gilashin tagar ya amsa.